Salansar Aro

Na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Umdurman da Khartum. Na ga taya ta fashe da lodi a kai, na ga birki ya ƙi kamawa a gangara, amma duk waɗannan sun fara dushewa a kaina. Akwai dai wata Alhamis guda, can kafin yaƙi ya tarwatsa mu daga birnin, wadda ko ruɗewar tsufa ta zo mini ba na jin za ta iya goge ta. Ranar ce na kai motar mahaifina binciken shekara da salansar aro, na kwashi kunya a gaban jama'a da hantsi, na kuma zo gida da yamma na tarar da wadda ta fi ta.

Bari in fara da motar. Tsohuwar lori ce, irin wadda maƙeran Umdurman suke sake wa jiki suna ƙara mata ƙarfe, har wanda ya ƙera ta tun asali ya gan ta ya wuce bai gane ta ba. Baba ne ya saye ta da guminsa, bayan ya baro gonakin audugar Jazira inda kakanninmu suka yi ƙwadago, ya koyi tuƙi, ya kafa gida a unguwar Kalakla da ke kudancin Khartum. Da gwiwoyinsa suka gaza, kunnensa kuma ya yi nauyi, sai ya miƙa mini makulli. Jan bulo nake ɗauka daga bakin kogi, in lokacin albasa ya zo in koma albasa, wani sa'in gawayi. Abin da motar nan ta samo shi ne yake ɗora tukunya a gidanmu, ba mu da wata hanya bayan ita.

A zamanin Baba bututun hayaƙinta tsirara yake, a tsaye a bayan kan motar daidai tagar direba, babu tukunyar nan mai rage ƙara. Haka tsofaffin direbobi suke so, wai mota mai jan nauyi ba a toshe mata numfashi. Ni kuwa da na karɓa sai na ƙara wa miyar gishiri. Na je wurin wani mai walda a unguwar masu gyaran mota ta Umdurman, wanda kowa ke kira usta, ya ɗora mini tukunyar salansa sabuwa fil mai ɗaukar ido. Sai dai kafin ya ɗora, ya farke cikinta ya kwashe hanjin kaf, ya sake liƙewa. In ɗan sandan hanya ya kalla, zai ga mota mai bin doka. In ya saurara kuwa, ƙarar ma ƙaruwa ta yi, ta yi kauri kamar ana kaɗa ganga a cikin rijiya. Idan na saki totur a gangaren gada, masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, darewa suke yi suna zagina, ni kuwa ina ɗaga musu hannu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son abin. A tashar manyan motoci tun ina nesa ake cewa ga shi nan, kuma saurayi ba ya ƙin a san da zuwansa. Amma ina da wata hujja da nake gaya wa kowa, har ni kaina na yarda da ita. Kullum da yamma, in na sauka daga babban titin da ke bin kogin Farin Nilu na kama layinmu, sai in taka totur sau uku. Kafin in iso ƙofar gida, Baba ya fito da sandarsa yana tsaye. Zai zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji ya ji zafinsa, sannan ya tambaye ni ko ta sha ruwa. Mutumin da sai an kai baki kunnensa kafin ya amsa sallama, wanda ya daina jin ladanin masallacin da ke bayan katangarmu, ga shi yana fitowa tarbar mota ba fashi. Sai na ƙudurta a raina cewa duk duniya sautin da ya rage wa Baba ke nan, kuma ba wanda ya isa ya sa in raba shi da shi. Maƙwabta in sun yi ƙorafi, abin da nake gaya musu ke nan. Suna ganin girman tsohon, sai su haɗiye maganarsu su tafi.

Shekara huɗu ina wuce bincike lafiya lau, domin kallo kawai ake yi wa salansa. A duba fitilu, a duba birki, a ga gwangwanin kashe gobara da alwatikan nan mai walƙiya da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace, a ɗaga kai a ga tukunya tana sheƙi, a buga hatimi. A shekara ta biyar sai labari ya cika tasha cewa an tsaurara, yanzu sai an sa ka taka totur an saurara. Takardun motata ranar Alhamis za su ƙare, ga lodin albasa yana jirana ranar Asabar. Idan babu takarda, mota ba ta hawa gada, gida kuma ba ya cin abinci. Idan na sa salansa ta gaskiya, Baba ya daina jin zuwana. Kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na yi abin da sauran direbobi suke yi.

A tasharmu akwai wata tukunyar salansa guda ɗaya mai cikakken hanji, wadda aka ce daga jikin wata mota da ta yi hatsari aka ciro ta. Ba wanda ya san mai ita. Muna kiranta Rigar Salla, saboda ranar fita kunya kawai ake sa ta. Wanda bincikensa ya zo sai ya ɗauka da safe, a ɗaura masa, ya je ya wuce, ya dawo a kwance a mayar masa da mai ƙararsa. A ƙarƙashin bencin wata dattijuwa mai sayar da shayi take kwana, a naɗe cikin buhu. Hajja muke ce mata, kuma ita ke riƙe da layin masu aro a kanta, ba ta taɓa haɗa mutum biyu rana ɗaya ba.

Da sassafe ranar Alhamis na zauna a bencinta, na karɓi kofin gahawa mai citta, na rage murya.

"Hajja, rigar tana nan?"

"Tana nan," ta ce, tana fifita gawayi. "Amma ya zol, kai bawan Allah, rigar nan ba kowane wuya take shiga ba. Motarka ƙaton maƙogwaro gare ta. Ka sayi taka ka huta mana, zanen aro ba ya rufe katara."

"Katarar awa biyu ce, Hajja. Kafin azahar na dawo miki da ita."

Ta kalle ni ta girgiza kai, ta jawo buhun da ƙafa. Abin da ta ƙara kawai shi ne in dawo da ita da mutuncinta, domin mutum uku suna jiranta mako mai zuwa.

Maganar Hajja ta fara tabbata tun a wurin usta. Ya kwance tawa mai sheƙi ya jingine, ya ɗaga ta aro zai zura, bakinta ya ƙi shiga bututuna. Ya juya ta, ya buga, ya yi tsaki. Daga baya ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗa a mahaɗar, ya bi da waya ya ɗaɗɗaure, ya shafe da baƙin mai don kada a ga sabon ɗauri. Ya sauko yana goge hannu a wandonsa.

"Halas, ta zauna," ya ce. "Amma ka lallaɓa ta kamar kana ɗauke da tiren ƙwai. Cikinta ya cika da baƙin hayaƙin motocin tasha duka, in ka matsa mata ba ta da inda za ta fitar."

"In suka ce in taka fa?"

"Ka taka da babban yatsa, ka yi fuskar wanda ya taka da ƙafa duka."

Har yau in na tuna cewa na karɓi wannan shawara da hannu biyu, har da godiya, sai in yi wa kaina dariya. A hanya motar ta yi shiru har ta zame mini baƙuwa. Na riƙa jin wasu ƙananan ƙararraki da ban taɓa sanin tana da su ba, ƙofa tana kaɗawa, wani ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin kujera. Na wuce masu raksha ba wanda ya waiwayo, abin har ya ɗan sosa mini rai.

Filin binciken fili ne mai ƙura, ga rana ta fara cizo, manyan motoci sun yi layi. Jami'in da ya zo kaina dattijo ne siriri mai furfura a gashin baki, fararen kayansa sun sha guga, ko ɗigon datti babu. Ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Ya sa na kunna fitilu na kashe, ya girgiza gwangwanin gobara, ya leƙa ƙarƙashi ya duba tayoyi. Sannan ya ja da baya, ya ɗaga kai ya kalli Rigar Salla. Ya daɗe yana kallonta, har na ga kamar gefen bakinsa ya motsa.

"Taka," ya ce.

Na taka da babban yatsa, na yamutsa fuska, na dafe sitiyari da hannu biyu kamar mai tura bango. Motar ta yi ɗan gurnani mai ladabi.

"Direba, ba gaisuwa na ce ka yi mata ba. Taka."

Na ƙara kaɗan, na ƙara yamutsa fuskar. Sai kawai ya hau matakalar ƙofata, ya leƙo ta taga, ya zuba wa ƙafata ido.

"Har ƙasa," ya ce a hankali.

Gaba damisa, baya siyaki. Na yi bismilla na danna. Injin ya ɗauka, ya shaƙe, motar ta hau rawa kamar mai zazzaɓi, na ji wayoyin usta suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a bayan kunnena. Sai ji kake daram! Rigar Salla ta yi tsalle ta bar bututun, ta faɗo kan rufin motar, ta gangara ta dira ƙasa tana mirginawa. Baƙin hayaƙin da ta tara na motocin tasha duka ya tashi sama ya dawo mana kamar ruwa. Bututun kuma da ya samu kansa tsirara ya kurma ihun da bai taɓa yi ba. Wani direba da ke tsugune yana alwala ya watsar da butarsa ya ruga, wani ya faɗa ƙarƙashin motarsa. Allah ya tsare ba wanda ƙarfen ya sama. Na kashe injin, na juya na kalli jami'in. Daga hularsa har zuwa ɗamara ya koma baƙi ƙirin, idanunsa kawai ke fari.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga can baya, sai kowa ya ɗauka. Ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige. Na sauko ina jiran mari ko ankwa, duk wanda ya fara zuwa. Jami'in kuwa ya wuce ni. Ya taka zuwa inda tukunyar ta tsaya, ya juya ta da takalminsa saboda zafi, ya yafito ni. A ƙasanta, inda ido ba ya kaiwa, akwai wasu layuka a jere da aka karta da ƙarfe, sun kusa zagaye ta.

"Ka san mene ne wannan?" ya ce. "Duk zuwan da ta yi gabana sai na ja mata layi da makullina. Baiwar Allah nan ta fi wasu ma'aikata zuwa aiki."

"Janabu, ranka ya daɗe, to me ya sa…"

"Me ya sa nake sa hannu? Doka ta ce in saurari mota. In na saurara na ji shiru, ba ni da ta cewa. Amma na san akwai ranar da za ta yi magana da bakinta."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma duk cikin direbobin tasha ni Allah ya zaɓa ranar ta faɗo a kaina. Da na ga ba shi da zafi, sai na fito da hujjata. Na ba shi labarin Baba tun daga gonar auduga har zuwa sandar da yake ƙwanƙwasa tayoyi da ita. Na ce masa ba don gayu nake yi ba, tsoho ne da ba ya jin komai a duniya sai motarsa. Har muryata ta ɗan karye, kuma wallahi ba shiri ba ne, abin daga zuciyata ya fito. Ya saurare ni har ƙarshe yana goge fuska da hankici, hankicin yana komawa baƙi.

"Allah ya ƙara masa lafiya," ya ce. "Amma daga nan zuwa Kalakla baban naka ne kaɗai tsoho? Babu jariri a hanyar, babu mai jinya?"

Ya ce in je a sa mini salansa ta gaskiya mai hanjinta, kuma walda yake so ya gani, ba ɗaurin waya ba. In na dawo kafin a tashi aiki zai buga mini hatimi, in ban dawo ba sai wani makon, albasa kuwa ta nemi wata motar. Rigar Salla kuma ya ce ta yi ritaya, ya sa aka ja ta zuwa bayan ofis.

Usta da ya ga na dawo da bututu tsirara, ga fuskata kamar ta mai sayar da gawayi, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Aka nemo sabuwar tukunya daidai wuyan motata. Ina tsaye yana walda, tartsatsi yana zuba, ni kuwa ji nake kamar da hannuna nake toshe wa Baba kunnen da ya rage masa. Na koma filin ana shirin rufewa. Jami'in ya wanke fuska amma rigar tana nan launin toka. Ya ce in taka, na taka har ƙasa, motar ta amsa da murya ƙasa-ƙasa kamar ɗalibi a gaban malaminsa. Ya buga hatimi ya miƙo mini takardar, ya ce in gaida Baba.

Takarda ta samu, albasa ta tsira, amma ban taɓa jin nisan hanyar Kalakla kamar na ranar ba. Na tsallaka gada bayan la'asar, na bi titi ina tsara yadda zan gaya masa. Da na kama layinmu ƙafata ta taka totur sau uku da kanta, don ta saba. Ko awakin da ke kwance a gindin katanga ba su ɗaga kai ba. Na iso ƙofar gida, babu kowa. Shekara huɗu da wani abu ban taɓa tarar da ƙofar nan babu Baba ba. Na kashe mota na zauna a ciki. Na jira ko zai fito, bai fito ba.

Na shiga da sallama. Baba yana kwance a gadonsa na igiya a ƙarƙashin rumfa, ya juya wa ƙofa baya. Inna tana zaune a gefen ƙafafunsa tana yanka kuɓewa a faranti. Da ta ɗago ta gan ni sai ta zabura, har wuƙar ta faɗi.

"Innalillahi! Yaushe ka shigo? Ina motar?"

Kafin in ba ta amsa, na ga hannunta ya kai ga ƙafar Baba da sauri, ta ɗan bubbuga ta sau biyu. Baba ya yunƙura ya tashi zaune, ya laluba sandarsa, ya zura takalmi, ya miƙe ya nufi ƙofa da fara'arsa. Sai da ya yi taku uku sannan ya gan ni tsaye a tsakar gida.

"A'a," ya ce. "Yau ka riga ni."

A lokacin ban fahimci abin da idona ya gani ba, hankalina yana kan jawabin da na tsara a hanya. Na durƙusa a gabansa, na kai baki kusa da kunnensa na dama, na ɗaga murya.

"Baba, ka yi haƙuri! Hukuma ta sa na rufe wa motar baki! Daga yau ba za ka riƙa jin zuwana ba!"

Ya sa hannu a bayan kunne, na maimaita. Ya kalle ni, ya kalli Inna, ya sake kallona.

"Wane baki kuma? Ba tun shekarar da ka karɓi makulli ka rufe shi ba?"

Ya koma ya zauna a bakin gado ya yi mini bayani, da ƙarfi kamar yadda masu nauyin kunne suke magana, har maƙwabta suna iya ji. Ya ce ranar da ya ga na ɗora tukunya mai sheƙi a bututun ya ji daɗi ƙwarai. Daga nan kuma ya lura ƙarar tana raguwa wata bayan wata, har ta koma ɗan motsin da yake ji a tafin ƙafarsa in motar ta tsaya a ƙofa. Shi duk zatonsa aikin tukunyar ne. Ya ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya yi alfahari da ni a ƙofar masallaci, yana gaya wa dattawa cewa ɗansa ya fi shi hankali, ya mai da motar shiru kamar ta likita.

"To shi ya sa suke kallon juna," ya ce. "Ni na ɗauka hassada ce."

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Na juya gare ta, sai a lokacin bubbuga ƙafar nan ta dawo mini.

"Inna, ke ce kike tashinsa?"

"To wa zai tashe shi? Tun kana babban titi nake jin ka, har kwanukan ɗaki suna amsawa. Sai in taɓa shi ya fita."

"Shekara huɗu? Me ya hana ki gaya mini?"

"Kana murna, yana murna, ni ce zan ɓata?" ta ce. "Kaina ne kawai yake sarawa, shi kuwa in na ɗaure shi da ɗankwali ya wuce."

Ina cikin wannan sai wayata ta yi ƙara. Hajja mai shayi ce, labarin ritayar riga ya iso tasha. Na ɗauka ina ba ta haƙuri, tana zazzaga mini abin da ya sawwaƙa, tana cewa mutum uku ta bari da me za ta gaya musu. Da na kashe sai na ga Baba ya daina murmushi, ya ƙura mini ido.

"Kai bahago ne tun kana yaro," ya ce. "Me ya sa kake tsallaka hannu kana kai waya kunnen dama?"

Na kalli wayar a hannuna na hagu. Ban san ina yin haka ba, ban kuma san yaushe na fara ba. Baba ya ce shi ma na hagu ne ya fara tafiya, na wajen taga, inda bututun yake. Ya ce in toshe kunnen dama da yatsa, ya umarci Inna ta koma bakin ƙofar ɗaki ta yi mini magana yadda ta saba. Na toshe. Na ga bakin Inna yana motsi, na ji wani abu kamar ana magana a gidan maƙwabta, amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Na cire yatsa na tambaye ta me ta ce.

"Cewa na yi ka je ka wanke fuskarka, ka yi kama da gindin tukunya."

Suka yi dariya su biyu, ni ma na taya su. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in zo mu je ya ga aikin da aka yi. Muka fita tare yana riƙe da hannuna. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa tayoyinsa, ya ɗaga kai ya duba waldar ya ce ta yi kyau, wanda ya yi ta ya san aiki.

Daga ranar tsarin ya sauya. Inna ta huta da gadin titi, ni nake ajiye mota in shiga har rumfa in taɓa ƙafarsa da kaina, mu fito tare. A ɗan takun nan daga gado zuwa ƙofa na ji labaran Jazira da na hanyoyin da ya bi da ƙuruciya waɗanda ban taɓa ji ba, domin a da ina isowa ne in same shi a tsaye, mu yi maganar ruwa da taya mu shige. Direbobin tasha sun yi wata guda suna kirana wanda ya kashe Rigar Salla, daga baya kowa ya sayi tasa. Kunnen hagu kuwa bai dawo ba, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare saura. Har yau in mutum ya zauna ta hagu da ni sai na juyo masa da fuska gaba ɗaya.

Abin da ranar ta koya mini ba shi da tsawo. Na hana unguwa guda sakat, na sa mahaifiyata ciwon kai, na ba da rabin jina, duk da sunan mutumin da yake kwana gida ɗaya da ni, kuma ko sau ɗaya ban durƙusa na tambaye shi ko yana ji ba. Ban tambaya ba ne saboda ina son ƙarar, kuma sunan Baba ya fi nawa daɗin faɗa wa maƙwabta. Tun daga lokacin, duk abin da na ji bakina yana cewa don wane nake yi, sai in je in sami wanen in tambaye shi tukuna.